Ranar da Mamaci Ya Ce a Shuka

Na Allah muke, wurinsa za mu koma, kakana ya riga mu ne kawai. Ya rasu wata Asabar da hantsi a ƙarshen bazara, lokacin da kowa a Matameye ya gama sassabe ya zuba wa gabas ido. Ina jami'a a Damagaram aka kira ni. Kafin in iso an kai shi.

Na tarar da ƙofar gidanmu cike. An shimfiɗa tabarmi tun daga bakin zaure har gindin bishiyar bedi ta masallaci, kuma yawancin waɗanda ke zaune ban san su ba. Mutanen ƙauyuka ne, daga wajen Kurni da Icirnawa da Kance, wasu a amalanke, wasu a ƙafa. Shekaru masu yawa kakana ya yi yana aikin malamin gona a yankin, har ya ajiye aiki, amma mutane ba su ajiye shi ba. Ba wanda ke kiran sunansa. Malam kawai ake cewa, kowa ya san wanda ake nufi.

Na zauna a gefe ina sauraro, don ban iya karɓar gaisuwa ba. Wani tsoho makiyayi ya zo da ƙwaryar nono ya ajiye, ya yi addu'a, ya ce shekarar da ciwo ya shiga shanu Malam ne ya taka har rugarsu ya faɗa musu ranar allura, domin ya san sanarwar rediyo ba ta kai musu ba. Sannan ya tashi. Wasu mata a cikin gida suna kuka ƙasa-ƙasa. Amma abin da na fi ji a bakin maza, bayan sun ce Allah ya jiƙansa, magana ɗaya ce. Mutum zai dubi sama, sannan ya ce da na kusa da shi, "To bana wa zai ce mana mu shuka?"

Wanda bai yi noma a jigawa ba zai ɗauka wannan ƙaramar tambaya ce. A wurinmu ruwan farko mayaudari ne. Yakan sauka ya jiƙa fuskar ƙasa, gari ya yi ƙamshi, mutum ya ɗauki sungumi ya zuba irinsa duka. Gero ya tsiro, sai sama ta ɗauke kwana goma ko fiye, rana ta ƙone tsiron. Mai iri da yawa ya sake shuka. Wanda tiya biyu ko uku ke gare shi, shekararsa ta tafi. Aikin da kakana ya fi shahara da shi ke nan: faɗin ranar da ruwa ya isa shuka. Da a rediyon gari yake faɗa. Da wayoyi suka yi yawa aka buɗe masa gurup, manoma da 'yan cin rani da ke Kano da sauran biranen Najeriya duk suna ciki. In ya aika saƙon murya ya ce a shuka, na gida su fita gona, na nesa su nufi tasha.

Ba na so a manta yadda yake yin wannan aiki, shi ya sa nake rubutu.

Yana da ma'aunin ruwan sama a tsakar gida, kafe a kan wani ƙarfe, yana duba shi yana rubutawa a kaye, littafin rubutunsa. Amma bai taɓa yanke magana da ma'aunin kaɗai ba. In an yi ruwa, da safe sai ya fita bayan gari ya durƙusa ya tona ƙasa da hannu, a wuri uku ko huɗu, a tudu da kwari. In danshi bai wuce taƙi ɗaya ba, wato daga babban yatsa zuwa na tsakiya in an buɗe hannu, ba zai ce a shuka ba ko da garin duka ya taru a kansa. Farcensa ba ya rabuwa da ƙasa. Kakata, wadda muke kira Iya, takan ce ta auri mutum ta wayi gari da gafiya.

"Tona ka gani," ita ce maganarsa. Ko gardamar da ba ta shafi gona ba aka kawo masa, haka yake cewa. Ni kuwa aboki yake kirana. Ranar da na fara kawo masa littafin lakwal, wato makarantar boko, mai hoton saiwar gero, ya duba ya daɗe, ya ce, "Aboki, wanda ya zana wannan ya iya zane. Amma geronsa bai taɓa jin ƙishirwa ba." Ya ja ni bayan gidanmu ya tuge guda ya nuna mini.

Akwai abin da yake yi wanda tun ina ƙarami yake sa jikina sanyi. In ya tona ramin, kafin ya auna, sai ya sunkuya ya kara kunnensa kusa da bakin ramin, ya yi tsit. Na taɓa tambayarsa me yake saurare. Ya ce ba komai, bayansa yake hutarwa. Ban yarda ba, kuma mutanen ƙauye ma ba su yarda ba. Da yawansu sun ɗauka ƙasa tana yi masa magana. Ya sha faɗa musu cewa ba shi da wani asiri, hannu ne da ido, kowa na da su. Sai su yi murmushi su ce, "Haka ne, Malam."

Mutum ɗaya ne bai taɓa ɗaukarsa waliyyi ba, ƙaninsa, wanda muke kira Baba Ƙarami. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, gonakinsu iyaka ɗaya, amma sun shekara kusan bakwai gaisuwa kawai ke haɗa su. Wata shekara aka yi ruwan farko, kakana ya ce a dakata. Baba Ƙarami ya ce shi ba ya jiran izinin ɗan lakwal a gonar ubansa, ya shuka. Allah da ikonsa ruwa ya ci gaba, bai tsaya ba. Geronsa ya riga na kowa, waɗanda suka jira suka makara, murzuna, tsutsar da ke cin zangarniya, ta same su. Ranar da ya ɗauko damman farko sai da ya bi da amalanke ta ƙofar gidanmu, alhali ba hanyarsa ba ce.

"Yaya, a aiko a karɓi na fura," ya ce daga kan amalanke. "Na ji an ce takarda ba ta dakuwa."

Mako na gaba kakana ya shiga rediyo ya ce da bakinsa, bana ya yi kuskure, waɗanda suka bi maganarsa su yafe masa. Abokan aikinsa ba su ji daɗi ba, suka ce ya zubar da girman aiki. Baba Ƙarami kuma ya fi kowa fushi, ya ce an tona asirin gida a gaban duniya. Na daɗe ban gane fushin nan ba.

Sai Gwaggo, autar 'ya'yan kakana, ƙanwar mahaifina. Mijinta yana cin rani a Kano, wata bakwai a shekara ita ke riƙe da gida da yara huɗu da gona. Duk kaka, kakana yakan je gonarta kafin a yi girbi, ya bi kunya-kunya yana zaɓen zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure mata daban ya ce wannan iri ne, ko yunwa ta kai ina kada a daka. Bara da ƙafarsa ta kumbura ma sai da ya je, a bayan moto, wato babur, ya yi zaɓen yana dogara sanda. Da aka sussuka ya ba da tiya uku. Iyakar irin da take da shi ke nan.

Ranar Lahadi, washegarin jana'iza, hadari ya taso da la'asar. Aka naɗe tabarmi a guje. Ruwa ya sauka kamar na rabin awa, da iska, sannan ya wuce yamma. Gari ya yi ƙamshi. Wani ya ce rahama ce ta bi Malam, aka ce amin.

Litinin da safe aka taru addu'ar uku. Liman ya ɗaga hannu ke nan, sai waya ta yi ƙara a aljihun wani. Sai ta biyu, sai ta uku, har abin ya bi sahu kamar an watsa tsakuwa a kan kwano. Aka shafa fatiha. Wani saurayi a baya ya duba tasa, ya danna, sai muka ji an yi gyaran murya.

Duk wanda ya san kakana ya san wannan gyaran murya.

"Salamu alaikum, manoma da makiyaya, na gida da na nesa. Mun gode Allah da ruwan jiya. Na fita na duba. Ya isa. Ku shuka."

Ba wanda ya motsa. Sai wani ma ya danna tasa, da wani, muryar ta riƙa tashi daga nan da can, wata na sallama wata na cewa ku shuka, suna hawa kan juna. Na ga dattijo mai furfura ya ajiye wayarsa a ƙasa ya ja da baya. Saƙon daga lambar kakana ya fito, da hotonsa a jiki, kuma a safiyar nan ya shigo.

Liman ya ce, "Jama'a, mamaci ba ya aike. A yi hattara." Amma muryarsa ba ta yi ƙarfi ba, kuma shi ma idonsa na kan wayar.

"Ya ce ruwan jiya," in ji wani. "Jiya aka yi ruwa ko ba a yi ba?"

"Ƙila kafin ya cika ya ɗauka ya ajiye."

"To wa ya faɗa masa ranar?"

Mutane suka fara neman takalmansu.

Na koma zaure na sa wayata a kunne na saurara sau huɗu. A na huɗun na daina jin muryarsa na koma jin abin da ke bayanta. Akwai ƙarar injin niƙa, tana tashi tana faɗuwa. Injin maƙwabcinmu ne, na san tarinsa. Shekara biyu ke nan da aka cire shi aka kai wata unguwa. Tsohon saƙo ne, na wata damina da ta wuce.

Na fita bayan gari, wurin da yake zuwa. Na durƙusa na tona. Yatsa uku ƙasa ta yi duhu da sanyi, daga nan sai busasshen yashi mai ɗumi yana zubowa cikin ramin. Na tona a kwari, yatsa huɗu. Ina ɗagowa na ga Baba Ƙarami tsaye a iyakar gonarsa, hannunsa a baya, ba sungumi.

"Nawa ka samu?" ya ce.

"Yatsa huɗu, Baba. Kuma saƙon tsoho ne. Akwai injin niƙa a ciki."

"Na sani ba na yau ba ne. Yayana bai taɓa cewa a shuka a kan wannan yayyafin ba. Je ka faɗa musu."

Na yi ƙoƙari. Na rubuta a gurup da kyau, na kawo dalilai ɗaya bayan ɗaya, na manta yawancin mutanen ba karatu suke yi ba, saurare suke. Da na ɗauki murya sai ta fito siririya tana rawa, ni kaina da na ji ban yarda da ita ba. Wani ya amsa daga Kano ya ce, "Wane ne wannan? A bar mu da maganar Malam." A tasha aka ce motoci sun fara cika.

Na sami Gwaggo a gonarta kafin azahar. Babban ɗanta na sara da sungumi, ita tana bi da ƙwarya tana zuba iri tana rufewa da diddige. Ta riga ta ci kusan rabi.

"Gwaggo, ki dakata. Ƙasa ba ta jiƙu ba. Zo ki ga."

Ba ta tsaya ba. "Mijina ya kira tun da safe ya ce a shuka."

"Saƙon na shekarun baya ne."

"Kai da karatunka," ta ce, ba da faɗa ba. "Kwana uku ina roƙon Allah in ƙara jin muryar Baba ko sau ɗaya. Na ji. Ya ce in shuka. Kai kuma ka zo ka ce in ce masa a'a?"

Na tsaya riƙe da busasshen yashi a hannu. Da kakana ne da ya zauna a kan kunya ya yi ta hira har ta ajiye ƙwaryar ba tare da ta lura ba. Ni sai na ce ko tiya ɗaya ta rage. Ta ce to. Da yamma ɗanta ya faɗa mini ba ta rage ba.

Da na koma gida na shiga ɗakin Iya. Tana takaba, zaune a kan tabarma, fuskarta a bango. Wayar kakana na kan cinyarta, a cikin mayafi.

"Maigidana, ka dawo?" Haka take kirana tun ina jariri. "Zo ka gyara mini abin nan. Da safe na same shi, yanzu ya ɓace."

"Me kika samu, Iya?"

"Shi. Ya taɓa nuna mini inda ake dannawa. Na yi ta ja da yatsa har na kai wani wuri, na danna, sai ya yi sallama. Na amsa masa." Ta shafa wayar. "Na so ya sake, na danna nan, na danna can, wasu abubuwa suka fito, na yi ta dannawa. Sai ya yi shiru."

Na karɓi wayar na duba. Alamar turawa na nan a kan saƙon. Iya ba ta san harafi ko ɗaya ba, ba ta kuma san abin da ya faru a ƙofar gida ba, don ba ta fita. Na nemo mata muryar na kunna. Ta amsa sallamar a hankali. Ban faɗa mata komai ba a ranar.

Kwana huɗu gero ya tsiro, gonaki suka yi kore-kore kamar an yayyafa. Mutane suka riƙa zuwa ƙofar gidanmu suna cewa Malam ko a kabari bai bar mu ba. Na yi fatan in zama ni ne mai kuskure, kamar yadda shi ya taɓa zama. Kullum da safe ina duba ma'auninsa, ba ko ɗigo. Hadari yakan haɗu da rana tsaka ya yi baƙi, ya yi ta ruri, sannan ya watse. A kwana na tara tsiron ya fara naɗewa. A na goma sha biyu, in ka taɓa shi sai ya murƙushe a yatsa. Masu zuwa godiya suka daina zuwa. Aka fara wata magana a ƙasa-ƙasa, cewa ba Malam ba ne ya yi magana, wani abu ne ya ari muryarsa. Mata suka hana yara bi ta bayan gidanmu. Wasu suka fita daga gurup, wani ma aka ce wayar ya sayar.

Gwaggo ta zo ta zauna a ɗakin Iya, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Iya, ban san me na yi wa Baba ba." A nan ne na ga shirun nawa ya fara yi wa mamaci ƙarya. Na faɗa musu yadda aka yi, ina kallon tabarma.

Iya ta ce, "Ni ce ke nan."

"Ba ki sani ba, Iya."

"Ƙasa ta san ban sani ba?" Ta juya wajen Gwaggo. "Ubanki bai yaudare ki ba. Uwarki ce da yatsanta." Sai ta ce in kira Baba Ƙarami. Ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa. Ta ce masa irin da yayansa ya ɗaure wa gonar kansa yana cikin rumbu, a sauke duka a sussuka. A fara ba Gwaggo, sauran a bi gidajen da aka san ba su da na sakewa, har inda ya ƙare.

"Gonar Yaya fa?"

"Ta huta bana. Shi ma ya huta." Ta kuma ce da ni, "Kai mai rubutu, in ka tashi rubutawa ka sa ni a ciki. Kada a bar shi da aljanu."

Irin bai kai kowa ba. Akwai gidajen da na sani waɗanda bana wake kawai suka samu suka zuba, akwai wanda ya koma Kano bai jira ba. Ba zan ce abin ya gyaru duka ba.

Ruwa ya dawo wata Talata, tun azahar har bayan la'asar, mai nauyi, ba iska. Laraba da safe na fita bayan gari na tarar Baba Ƙarami ya riga ni. Yana durƙushe, hannunsa cikin rami har wuyan hannu, ya tona wasu biyu a tudu. Daga nesa na hango mutane tsaye a bakin gonakinsu da sungumi, ba wanda ya sara. Gwaggo ma na can da ƙwaryarta. Kowa jira yake, kuma ba wanda ya san wa yake jira.

"Kunna abin," ya ce.

Na kunna na miƙa masa. Ya yi gyaran murya, sai a lokacin na lura cewa muryarsa ɗaya ce da ta yayansa. Shi ma ya ji. Ya tsaya, ya ce in goge, mu sake. Ya share hannunsa a riga, ya riƙe wayar da hannu biyu.

"Salamu alaikum. Kada kowa ya tsorata. Ni ne ƙaninsa, ina da rai, yau Laraba. Wanda kuka saba ji yana kabari, Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya sanyaya masa makwanci. Shekara da shekaru ina yi masa gardama, yau na tona kamar yadda yake yi. Danshi ya wuce taƙi. Wanda bai yarda da ni ba ya durƙusa ya tona da kansa, ya fi. Ku shuka."